Tambaya da Amsa: An ce a fita, to wace irin fita?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon sai na ga saƙonninku kusan duk sun karkata wuri guda, wato yadda ƙasa ke ficewa daga ƙungiyar da ta daɗe a cikinta da kuma cinikin da ake yi a bakin ƙofa kafin a rabu. Na tsinci guda biyar, wasu na datse su saboda tsawo, a yi min afuwa.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni fa akwai abun da ya daɗe yana ɗaure min kai game da ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. An yi ƙuri'a tun 2016, masu son fita suka yi nasara, to ai sai a tattara komatsai a kama gaba ko? Amma sai da aka kai 2020 ana kai ruwa rana, har firaminista biyu suka rasa kujerarsu. Wai me ake ta tattaunawa ne haka?
Daga wata ɗaliba mai karanta kimiyyar siyasa

AMSA: Ƙanwata, fara duba takardar ƙuri'ar kanta tukuna. Ranar 23 ga Yunin 2016 abu ɗaya tal aka tambayi mutane, a zauna ko a fita. Kashi 51.9 cikin 100 suka ce a fita, wajen mutum miliyan 17.4 kenan, kashi 48.1 suka ce a zauna. Ba wanda aka tambaya wace irin fita yake so, kuma nan gizo ke saƙar, don fitar iri-iri ce.

Akwai irin zaman Norway, ba ta cikin Tarayyar amma tana cikin kasuwarsu ta bai-ɗaya, tana biyan kuɗi, tana bin dokokin da ba ta da ƙuri'a wajen yin su, kuma ɗan kowace ƙasa ta Tarayyar zai iya shiga ya nemi aiki. Akwai irin na Kanada, yarjejeniyar ciniki ce kawai, kowa na gidansa. Akwai kuma a fice fit ba wata yarjejeniya, a koma biyan harajin kwastan kamar kowane baƙo. To cikin mutum miliyan 17 ɗin nan wani baƙin haure da 'yan ci-rani ne suka dame shi, wani shi haushinsa kotun Turai ce ke da ta cewa a kan dokokin ƙasarsa, masunci yana so a bar masa tekunsa, wani kuma bas ɗin kamfen ya gani an rubuta a jikinta wai fam miliyan 350 ake aika wa Turai duk mako gara a zuba su a asibitoci. Duk sun dangwala wa kalma ɗaya amma kowa da abun da ke ransa, ranar da aka zo rubuta sharuɗɗa a takarda sai aka ga ba yadda za a yi a gamsar da su gaba ɗaya.

Sannan ki tuna tun 1973 Birtaniya take ciki. Zaman shekara arba'in da wani abu ba wasa ba ne, komai ya cuɗe, lasisin magani, izinin tashin jiragen sama, musayar bayanan masu laifi tsakanin 'yan sanda, takardar shaidar likita da injiniya, har adadin kifin da kowa zai kama. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar ma a Landan take, sai da aka kwashe ta aka kai Amsterdam.

Amma ni in kin tambaye ni babban abun da ya karya Birtaniya, agogo ne. Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar ya ce daga ranar da ƙasa ta miƙa takardar fita tana da shekara 2, in sun cika ba a daidaita ba ta fita kenan haka nan, sai dai in duk sauran ƙasashen sun yarda a ƙara lokaci, ko ɗaya ta ƙi shi kenan. Firaminista Theresa May ta danna agogon nan ranar 29 ga Maris 2017, jakadanta Tim Barrow ya kai wa Donald Tusk, shugaban majalisar shugabannin ƙasashen Tarayyar a lokacin, wasiƙar hannu da hannu a Brussels, alhali ko a cikin majalisar ministocinta ba a gama shawarar wace fita ake nema ba. Ba ta tsaya nan ba ta kira zaɓe a watan Yuni don ta ƙara ƙarfi, sai reshe ya juye da mujiya, ta rasa rinjayen da take da shi, dole ta jingina da 'yan majalisa 10 na jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa, mai son yankin ya ci gaba da zama da Birtaniya.

Su kuwa sauran ƙasashe 27 na Tarayyar suka haɗa kai suka ba mutum ɗaya wuƙa da nama, Michel Barnier ɗan Faransa, suka ce ba maganar cinikin gaba sai an gama abu uku, haƙƙin mutanen da ke zaune a ƙasashen juna, kuɗin da ake bin Birtaniya, da iyakar Ireland. Akwai wani hoto da ya yi ta yawo a Yulin 2017, an zauna a teburin tattaunawa, ɓangaren Barnier kowa da tulin takardu a gabansa, ɓangaren David Davis na Birtaniya kuwa tebur fayau sai murmushi. Hoto ne kawai, ba lalle ya nuna komai ba, amma wallahi yadda abubuwa suka tafi daga baya sai ka ce an tsara shi.

Da May ta kawo yarjejeniyar gida majalisa ta yi fatali da ita ranar 15 ga Janairun 2019, ƙuri'a 432 da 202, ratar 230, gwamnatin Birtaniya ba ta taɓa shan kaye irin wannan a majalisa ba. Abun dariyar shi ne masu son fita da masu son zama tare suka kayar da ita, waɗancan na cewa fitar ba ta isa fita ba, waɗannan na cewa to in haka ne ina amfanin fitar. Sau uku tana kawowa ana watsi da ita, ta sauka. Boris Johnson ya hau yana cika baki gara a tsinci gawarsa a kwata da ya roƙi ƙarin lokaci, da doka ta tilasta masa sai ya aika wasiƙar roƙon ba sa hannu, ya haɗa da wata mai sa hannu yana cewa shi ba ra'ayinsa ba ne. Sai da ya ci zaɓen Disambar 2019 da rinjayen kujera 80 sannan aka samu fita ranar 31 ga Janairun 2020, yarjejeniyar ciniki kuma ba a kammala ta ba sai 24 ga Disambar wannan shekarar, saura mako guda wa'adin riƙon ƙwarya da Birtaniya ta ci gaba da bin dokokin Tarayyar a cikinsa ya ƙare.

TAMBAYA: Malam don Allah wannan kuɗin da aka ce sai Birtaniya ta biya kafin ta fita ba zalunci ba ne? Mutum ya ce ya gaji da ƙungiya kuma a ce sai ya biya tara? Ni ina ganin kawai so suke su tsorata sauran ƙasashe kar wani ya ƙara gigin fita.
Daga wani ma'aikacin banki

AMSA: Yallaɓai kai da kake aikin banki ai ka fi ni sanin bambancin tara da bashi. An ƙiyasta kuɗin a kan fam biliyan 35 zuwa 39, jaridun can suka sa masa suna kuɗin saki, sunan ne ya sa mutane suka ɗauka hukunci ne. Tarayyar Turai kasafin shekara 7 take yi, na 2014 zuwa 2020 da hannun Birtaniya aka amince da shi, an riga an ɗauki alkawarin ayyuka a kansa, an fara wasu, ga fanshon ma'aikatan Tarayyar da suka yi aiki lokacin tana ciki, cikinsu har da 'yan Birtaniyan kansu. Ka sa hannu a kan aiki da abokanka an ɗauko 'yan kwangila, sai ka ce ka fasa tafiyar, to kasonka na abun da aka riga aka ɗauka fa? Shi ya sa ba a dunƙule aka biya ba, na fansho ma za a yi shekaru gommai ana biya kaɗan-kaɗan.

Amma zarginka na biyu ban ce babu ƙamshin gaskiya ba. Ba ƙungiyar da za ta so wanda ya fita ya fi na ciki jin daɗi, in aka yi haka gobe kowa sai ya nemi ƙofa. Shugabannin Turai ba su ɓoye ba, sun yi ta nanata cewa ba za a bari ka tsinci abun da kake so a kasuwar bai-ɗaya ka bar wanda ba ka so ba, in kana son kayanka da kuɗinka su riƙa wucewa ba shinge to mutane ma sai sun wuce. Kai ka kira shi tsoratarwa, su kuma kare gidansu suke kiransa. Ni dai na fi ganin matsin a nan, ba a maganar kuɗin ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, duk lokacin da aka yi maganar Brexit, wato ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, sai an ambaci Ireland. Ita ba ƙasa ce daban ba? Ina ruwan biri da gada?
Daga wani malamin makaranta

AMSA: Malam ai ruwan ne ma ya kawo komai. Tsibirin Ireland kashi biyu ne, kudu Jamhuriyar Ireland ce mai cin gashin kanta kuma tana cikin Tarayyar Turai, arewa kuma wani yanki ne na Birtaniya. Tsakaninsu akwai iyaka ta kusan kilomita 500 da mashiga fiye da 200, wasu manyan tituna wasu 'yan hanyoyin gona, akwai ma titin da ke tsallaka iyakar sau huɗu cikin 'yar tafiya kaɗan, direba ba ya ma sanin ya canza ƙasa sai ya ga allon gudu ya koma mil daga kilomita. Akwai manomin da gonarsa rabi na nan rabi na can, madarar da aka tatsa a arewa a kudu ake sarrafa ta.

Kuma wurin nan an zubar da jini. Kusan shekara 30 ana rikici tsakanin masu son a haɗe da Jamhuriyar da masu son a ci gaba da zama da Birtaniya, mutum wajen 3,500 suka mutu, sai yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta kashe wutar, aka kwashe shingayen sojoji. Tunda duk ɓangarorin biyu suna cikin Tarayyar Turai ba a buƙatar kwastan, iyakar ta zama ta a taswira kawai. Kowa ya san ranar da aka sake kafa rumfar kwastan a wurin an ba masu bindiga abun hari.

To ga lissafin da ya hana kowa barci. Birtaniya na son abu uku, ta fita daga kasuwar bai-ɗaya da tsarin kwastan na Turai, kar a sa shinge a tsibirin Ireland, kar kuma a sa shinge tsakanin Ireland ta Arewa da sauran Birtaniya. Biyu za su yiwu, uku ba za su taɓa haɗuwa ba, don in dokokin kayanka sun bambanta da na maƙwabcinka dole akwai inda za a tsaya a duba kayan, ko a tudu ko a teku. May ta zo da wani tanadi na ko-ta-kwana, cewa in ba a samu mafita ba duk Birtaniya za ta ci gaba da zama a tsarin kwastan ɗaya da Turai, 'yan jam'iyyarta suka ce wannan ai tarko ne ba ranar fita. Johnson ya zo ya cire shi ya mayar da binciken kan teku, wato kayan da suka taso daga Ingila zuwa Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, a duba su a tashar jirgin ruwa kamar sun fito daga wata ƙasa, alhali ƙasa ɗaya ce. DUP da suka ɗauka nasu ne suka ce an ci amanarsu, suka ƙaurace wa gwamnatin yankin daga Fabrairun 2022 har Fabrairun 2024. A tsakani firaministan lokacin Rishi Sunak ya sake zama da Turai a 2023 aka yi yarjejeniyar Windsor aka sassauta binciken, an rage zafin dai amma shingen tekun bai tafi ba.

Abun da ke ba ni mamaki har yau, lokacin kamfen ɗin 2016 maganar nan ba ta samu wani kulawa a Ingila ba, su kuma mutanen Ireland ta Arewa kusan kashi 56 zama suka zaɓa, Scotland ma kashi 62.

TAMBAYA: Malam mun yi musu da abokina har muka kusa ɓatawa. Shi ya ce da Birtaniya ta buga tebur ta ce za ta fita ba yarjejeniya da Turai ta durƙusa, ni kuma na ce cika baki ne. Raba mana gardama.
Daga wani mai karatu

AMSA: Ɗan'uwa kar ku ɓata a kan rigimar da masu ita ma sun gaji da ita. Maganar abokinka May da kanta ta faɗe ta a Janairun 2017, cewa gara ba yarjejeniya da mummunar yarjejeniya. Barazana tana aiki ne in ɗaya ɓangaren ya yarda za ka iya aikatawa kuma shi zai fi jin jiki. Sama da kashi 40 cikin 100 na abun da Birtaniya ke sayarwa waje Tarayyar Turai yake zuwa, su kuwa mutum wajen miliyan 450 ne a kan miliyan sittin da wani abu, asarar za ta rabu a kansu su 27, ita kuma ita kaɗai za ta ɗauki nata. Ga shi majalisarta ma ta yi doka ta hana fita ba yarjejeniya, kaga mai barazanar an ɗaure masa hannu tun daga gida. Don haka na fi karkata wajenka. Abokinka yana da ɗan abun riƙewa a maganar kifi, Faransa da Holand da sauransu suna matuƙar buƙatar ruwan Birtaniya, shi ya sa aka kai daren ƙarshe ana ja-in-ja a kan sana'ar da ba ta kai ko kashi 1 cikin 100 na tattalin arziƙin ƙasar ba, daga ƙarshe aka rage kason Turai da kashi 25 cikin 100 a tsawon shekara biyar da rabi.

Kuma ko da aka samu yarjejeniyar, babu haraji a kan kaya amma takardu sun dawo. A Janairun 2021 an nuna jami'an kwastan na Holand a talabijin suna ƙwace burodi mai nama a ciki daga hannun direbobin da suka sauko daga jirgin ruwan Ingila, wani direba na roƙo a cire naman a bar masa burodin, jami'in ya ce a'a duka za a karɓe. Wannan fa da yarjejeniya kenan.

TAMBAYA: Malam mu dawo kusa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS kuma ban ga an yi shekara huɗu ana tirka-tirka ba. Ashe dai Turawan ne suka wahalar da kansu?
Daga wata 'yar kasuwa

AMSA: Hajiya kin taɓo inda ya kamata. Dokar ECOWAS ta fi sauƙi a takarda, sashe na 91 na yarjejeniyar da aka sabunta a Kwatano a 1993 ya ce ƙasa ta ba da sanarwar shekara 1 a rubuce, in ba ta janye ba ta fita. Mauritaniya ta taɓa yi, ta ba da sanarwa a ƙarshen 1999 ta fita a 2000, ko da yake a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar. Ƙasashen uku sun sanar ranar 28 ga Janairun 2024 suna cewa nan take suka fita, ECOWAS ta ce a'a sai shekara ta cika, aka tura shugabannin Senegal da Togo su lallashe su ba a dace ba, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, aka ƙara wata shida ƙofa na buɗe ko za su sake shawara.

Abun da ya sa ba ki ji hayaniya ba, na farko gwamnatocin soja ne suka yanke hukuncin, ba ƙuri'ar raba-gardama, ba majalisar da za ta kayar da shugaba sau uku. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci a wajena, ba a warware sharuɗɗan kafin fitar ba, ɗage su aka yi. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, su ci gaba da shiga da zama ba biza, kayansu ma a ci gaba da mu'amala da su a tsarin ciniki na da, har sai an sanar da wani abu daban. Su ma ƙasashen uku, da suka kafa ƙawancensu na Sahel mai suna AES, suka ce 'yan ECOWAS su shigo ba biza. Wannan alheri ne kuma hankali ne, amma Hajiya ki lura da kalmar "har sai", izini ne da ɓangare ɗaya ya bayar kuma zai iya janyewa, da can kuwa haƙƙi ne da ke rubuce tun yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, ta kwana 90 ba biza.

Tambayoyin da Barnier ya ɗora a tebur su ne dai a nan ma, sai dai da wasu sunaye. Mutanen da suka yi shekaru suna zaune suna sana'a a ƙasashen juna mene ne matsayinsu, basussukan bankin raya ƙasa na ECOWAS da ke Lome da ayyukan da aka fara wa zai ƙarasa, ma'aikatan ƙungiyar 'yan ƙasashen uku ina za su, hukumar lafiya ta yankin da take da mazauni a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso lokacin fitar ita ma sai an nema mata wani gida kamar yadda aka yi wa ta magunguna a Landan. Ga shi duk ukun ba su da teku, kayansu ta Kwatano da Lome da Tema da Abidjan da Dakar suke shigowa. Sun fita daga ECOWAS amma suna nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, suna kashe sefa tare da wasu ƙasashen da suka bari a can, sun fito da fasfon AES, a Maris ɗin 2025 kuma suka sanar da harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigo da su daga waje. Ke da kike harkar kaya, duk lokacin da za ki yi oda ki fara tambayar mai fito da kayanki wace takarda ake karɓa a iyakar a wannan watan, kar ki dogara da yadda aka yi bara.